Wasan kiɗa domin 'yan gudun hijirar Minawao: a yi shi a Marwa ko a je sansanin?

Makaɗin Domayo, Marwa

Assalamu alaikum, iyaye da yayye da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ɗaya ne daga cikin wasu matasan makaɗa a nan Marwa, waɗanda sana'armu ita ce wasa a gidajen biki da suna. Muna da mai kalangu, da mai gurmi, da mai fiyano, da mawaƙa biyu, da 'yan kayan sauti da muka haɗa kuɗi muka saya. Mun jima muna shawarar shirya wasa na musamman daidai da Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya, wadda ake yi kowace 20 ga Yuni, domin 'yan'uwanmu 'yan Najeriya da rikicin Boko Haram ya koro, suke zaune a sansanin Minawao kusa da Mokolo a arewacin Kamaru, waɗanda wasunsu suke can tun 2013 da aka buɗe wurin.

Matsalar ita ce kanmu ya rabu. Wasunmu na ganin a kama fili a cikin Marwa, a sayar da tikiti, a gayyaci 'yan kasuwa da masu hannu da shuni su yi liƙi, sannan a kai wa mutanen sansanin abin da aka samu. Wasu kuma cewa suke a ɗauki kaya a tafi can a yi musu wasa kyauta, tunda su ma suna bukatar abin da zai ɗebe musu kewa. Ana cikin haka wani dattijo a unguwarmu ya ja ni gefe ya ce duka biyun rashin kara ne, domin ba a kaɗa ganga a gaban wanda aka kashe wa iyaye aka ƙone masa gida.

Abin da nake roƙo shi ne masu sani su faɗa mana ko akwai mawaƙan Afirka ta Yamma da suka taɓa yin irin wannan aiki bayan yaƙi, da abin da ya haifar, sannan su ba mu shawarar wace hanya ce ta fi dacewa da ƙaramar ƙungiya irin tamu.

Malamin Tarihi, Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. An yi, kuma ba sau ɗaya ba, sai dai idan ka bi labarin waɗanda aikinsu ya ɗore za ka tarar mafi yawansu ba baƙi ba ne da suka zo daga birni da mota cike da lasifika. Su kansu 'yan gudun hijirar ne.

Misalin da ya fi kusa da tambayarka daga Saliyo yake. Yaƙin basasar ƙasar ya kama daga 1991 zuwa 2002, kuma ya kori dubun-dubatar mutane zuwa Gini. A cikinsu akwai wani mawaƙi mai suna Reuben Koroma, wanda ya bar Firitawun a 1997 tare da matarsa Grace, suka sauka a sansanin Kalia kusa da iyaka, inda suka haɗu da wani mai kaɗa jita, Francis Langba, suka fara yi wa maƙwabtansu waƙa. Da rikici ya iso sansanonin bakin iyaka a shekarar 2000 sai aka kwashe su zuwa Sembakounya, can cikin ƙasar Gini, kuma a nan ne wata ƙungiyar agaji ta Kanada ta ba su tsofaffin jita biyu masu amfani da lantarki, da makirufo guda, da ɗan kayan sauti. Da wannan jari kawai aka kafa ƙungiyar da duniya ta sani daga baya da sunan Sierra Leone's Refugee All Stars. A cikinsu akwai wanda 'yan tawaye suka datse wa hannu, akwai kuma wani yaro maraya mai waƙar gambara. Hukumar HCR, mai kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta riƙa kai su sansani-sansani a Gini suna wasa, daga baya ta kai su Firitawun domin su ga halin da gida yake ciki da idonsu. An yi fim a kansu a 2005, faifansu na farko ya fito a 2006, suka yi ta wasa a Amurka da Turai. Abin lura a nan shi ne, masu sauraronsu na farko ba su ɗauke su a matsayin masu kawo tallafi ba. Mutane ne da suke bin layin abinci ɗaya da su, kuma abin da suke rerawa shi ne abin da kowa a wurin yake fama da shi.

Haka labarin yake a wajen Abzinawa. Ƙungiyar Tinariwen, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, ta taso ne a cikin matasan da fari da rikici suka raba da arewacin Mali suka zauna a Aljeriya da Libiya, kuma tun kafin kowa a Turai ya ji sunansu kaset-kaset ɗinsu ke yawo hannu da hannu a cikin Sahara. Bombino na Agadas kuwa gudun hijira biyu ya yi, na farko yana yaro a 1990 zuwa Aljeriya, na biyu bayan tawayen 2007 zuwa Burkina Faso. Da ƙura ta lafa ya koma gida a farkon 2010, ya yi babban wasa a gindin tsohon masallacin Agadas da amincewar Sarkin Abzin, mutanen gari suka fito suka shaida cewa yaƙi ya ƙare. A Mali ma, da masu ɗauke da makamai suka mamaye arewa a 2012 suka haramta kiɗa, bikin nan na Festival au Désert da ake yi tun 2001 a arewacin ƙasar bai sake zama a wurinsa ba, sai masu shirya shi suka mayar da shi ayarin makaɗa mai yawo yana kiran zaman lafiya. Matasan da suka kafa Songhoy Blues su ma 'yan arewa ne da suka gudo Bamako, kuma 'yan gudun hijira 'yan'uwansu ne suka fara cika musu wurin wasa.

Akwai rukuni na biyu, wato fitattun mawaƙan da hukumomi ke naɗawa jakadu, kamar Rokia Traoré ta Mali da HCR ta naɗa a 2016, da 2Baba na Najeriya a 2020. Ba na raina aikinsu, amma amfaninsu na wani fanni ne dabam: sunansu ne ke jawo 'yan jarida da masu ba da tallafi zuwa inda aka manta da shi. Ku ba ku da irin wannan suna tukuna, saboda haka kada ku kwaikwayi tsarinsu. A ganina tambayar da ya kamata ku fara yi ba "a ina za mu yi wasa" ba ce, a'a, "su wane ne makaɗan da ke cikin Minawao, kuma me suka rasa".

Hajiya Ma'aji, Injamena

Malam ya kawo tarihi, ni kuma bari in kawo lissafi, tunda riƙon kuɗin ƙungiyar mata 'yan kasuwa nake yi. Ɗana, a ce Allah ya ba ku sa'a kun sayar da tikiti 500 a kan sefa 1,000 kowane, kun tashi da sefa 500,000 ke nan. Mutanen Minawao sun haura 70,000. Ko da ba ku cire ko sisi na hayar fili da kujeru da man janareta ba, abin da zai isa hannun kowane mutum bai kai sefa 10 ba. Ba don in kashe muku gwiwa na faɗi haka ba, sai don ku daina tunanin ciyar da sansani. Wannan aikin PAM ne, wato hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da gwamnatoci, kuma su kansu sun sha rage yawan abincin da suke rabawa saboda ƙarancin kuɗi, a Kamaru da nan Chadi, musamman tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jama'a suka yi ta kwararowa ta Adre.

Abin da kuke shirin yi a Marwa ajo ne, kuma iyayenmu sun san ƙa'idarsa tun kafin a san wata ƙungiyar agaji. Ana yi wa mutum ajo ne a kan asara takamaimai, gobara ko sata ko karayar jari, kowa ya san wanda ake tara wa da abin da za a yi da kuɗin, kuma a gaban jama'a ake ƙirgawa. Tiken Jah Fakoly na Kodebuwa, wanda shi ma rikicin ƙasarsa ya sa ya koma Bamako da zama, wannan tsari ya bi da ya ce kowane wasa guda makaranta guda, kuma an ga makarantun da ya gina a ƙauyuka. Ku ma ku zaɓi abu guda da za a iya nunawa da yatsa.

Na ga yadda ake yin kuskure a wannan harka da idona. A Disambar 2021, da faɗa ya tashi tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum a yankin Logone-Birni har ya kai Kusiri, dubban mutane suka tsallako kogi zuwa wajenmu, mafi yawansu mata da yara, kafin a buɗe musu sansanonin Kalambari da Gilme. Wasu matasa a unguwarmu suka shirya wasa domin su, kuma wuri ya cika. Manyan baƙi suka riƙa karɓar makirufo suna alƙawarin buhunan shinkafa, maroƙi yana wasa su, mata suna guɗa. Da gari ya waye aka biya mai rumfa da mai janareta da mai abincin manyan baƙin, abin da ya rage bai wuce na tabarmi da sabulu ba, buhunan kuwa yaran sun yi ta sintiri a ƙofar gidaje har suka gaji suka bari. Don haka kada ku rubuta alƙawari a cikin lissafi, sai abin da ya shiga hannu. Ku nemi fili da kujeru da inji a matsayin gudummawa tun kafin ku sa rana, ku ba wani dattijo da ba ɗan ƙungiyarku ba riƙon akwatin kuɗi, sannan ku karanta abin da aka samu da abin da aka kashe a lasifika kafin a watse.

Game da shiga sansani, mu ma muna da namu misalin a Chadi. Taigué Ahmed, ɗan rawa ne da ya kafa ƙungiyar Ndam Se Na a 2005, ya riƙa zuwa sansanonin kudu wajen Gore, inda 'yan Afirka ta Tsakiya suke, yana koyar da matasa rawa. Ba wasan yini ɗaya yake yi ya tafi ba, zama yake yi da su har su iya koyar da wasu.

Dattijon Mokolo

Ɗana, dattijon unguwarku bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi maganar duka ba. Hukuncin kiɗa a addini na bar wa malamai, tunda sun yi saɓani a kansa tun kafin a haife mu. Ko a labarin Agadas da Malam ya kawo, abin da na riƙe shi ne sai da mai gari ya amince kafin a ɗaura waya. Daga nan za ku fara.

Kai ɗan Marwa ne, ba sai na tuna maka harin ƙunar baƙin wake da aka kai a babbar kasuwa da unguwar Barmare a ranar 22 ga Yulin 2015 ba, da wanda ya biyo baya a Pont Vert bayan kwana uku. Tun daga lokacin hukuma ba ta wasa da taron jama'a a wannan jiha, kuma tana da gaskiya. Dole ku kai takarda ofishin shugaban gunduma da wuri, ku sanar da jandarmomi, ku gaida lamiɗo ko lawanin wurin. Sansanin kuma ba kasuwa ba ce da kowa zai faɗa da kayansa. Akwai jami'in gwamnati mai kula da shi, akwai HCR, akwai kwamitin shugabannin 'yan gudun hijirar, kuma idan ɗaya daga cikinsu bai san da zuwanku ba a bakin ƙofa za ku juya. Ku tuna kuma cewa ƙarshen Yuni damina ta sauka, hanyar da ta ratse daga garin Zamai zuwa sansanin tana wahalar da mota idan an yi ruwa, mutane kuma suna gona da safe.

Abu na biyu shi ne wanda baƙi suka fi mantawa da shi. Ba 'yan Najeriya kaɗai wannan masifa ta raba da gidajensu ba. A Zamai akwai 'yan Kamaru da suka gudo daga ƙauyukan bakin iyaka, waɗanda ba su da katin ɗan gudun hijira tunda ba su tsallake wata ƙasa ba, ga kuma mutanen ƙauyukan kewaye irin su Gawar da suka yi shekaru suna raba itacen girki da ruwa da filin noma da sansanin, wani lokaci har rai ya ɓaci. Idan kuka wuce su da kiɗa da kaya kuka shiga ciki, kun ƙara wa wata tsohuwar magana gishiri. Ku gayyace su, ku ba makaɗansu fili.

Sannan ku tace waƙoƙinku. Mutanen wurin akwai Musulmi akwai Kirista, akwai Barebari, akwai mutanen duwatsun Gwoza masu harsuna dabam-dabam, kuma Hausa ce ta haɗa mafi yawansu. Waƙar da ake yi a gidan biki a Domayo da tsakar dare ba kowacce ce za a yi a gaban matan da suka rasa mazajensu ba. Liƙi kuma ku bar shi a Marwa, domin watsa kuɗi a goshin mawaƙi a gaban wanda ke jiran rabon wata cin fuska ne.

Ɗan Gwoza a Minawao

Na gaida Baba da Hajiya da Malam. Ni ina cikin mutanen da ake magana a kansu, na baro Gwoza a 2014 lokacin da aka kama garin, saboda haka ku ba ni dama in gyara wani abu guda. Masu cewa ba a kaɗa mana ganga suna ɗauka har yanzu zaman makoki muke yi. Mun yi kuka, kuma akwai wanda har gobe ba zai daina ba, amma a nan ana ɗaura aure, ana raɗa suna, 'yan mata na buga mandiri lokacin Mauludi, mawaƙan coci na rerawa ranar Lahadi. Yaran da aka haifa a shekarar da muka iso sun haura shekara 10, ba su taɓa ganin dutsen Gwoza ba, kuma waƙoƙin da suka iya su ne na cikin waya. Wannan ya fi damun tsofaffinmu fiye da yadda na waje zai zata.

Akwai wani maƙwabcina, dattijo ne da a gida ba a yin biki a ƙauyensu sai da gangarsa. Ya baro ta a rataye ranar da suka gudu. Ya samu guntun icce ya fafe da hannunsa, amma ya daɗe yana jiran fatar da zai ɗaura, domin wanda ya yanka akuya a nan sayar da fatar yake yi ya sayi gishiri da magi. Idan yara suka taru a ƙofarsa, a kan jarkar ruwa yake nuna musu yadda ake sauya hannu tsakanin kiɗan noma da na aure. Irinsa suna da yawa, har da masu algaita da masu goge. Ɗan'uwana, idan kuɗin ajonku ya sayi fatu da tsarkiya da ƙaramar lasifika mai caji da hasken rana, kun yi abin da za a gani, kuma idan kuka sa waɗannan mutane a gaba ku kuna raka su, kuka biya su ladan wasa kamar yadda ake biyanku, za ku ga taron da ba ku taɓa gani ba.

Ina da roƙo a kan sauti. Kada ku zo da abin wasan wuta ko wani abu mai fashewa, kuma ku gwada injinku tun da rana a gaban mutane, domin ƙarar da ta zo ba zato tana sa wasu matanmu su zabura su kama yara su ruga, ko bayan shekaru. A tashi kafin magariba. Masu ɗaukar hoto kuma su nemi izini, mun gaji da ganin fuskokin 'ya'yanmu a Facebook ana neman tausayi da su.

Maganar da Malam ya yi cewa an kai mawaƙan Saliyo su ga gida, a nan sai a yi hattara. Su yaƙinsu ya ƙare, an ajiye makamai. Mu kuwa, ko da yake Kamaru da Najeriya da HCR sun sa hannu a yarjejeniyar mayar da mu tun Maris ɗin 2017, kuma an kwashi wasu zuwa Banki a 2021, har yanzu gida ɗaya za ka samu miji na son komawa matar na tsoro. Kada ku zo mana da waƙar "ku koma gida", kada kuma ku zo da ta "ku zauna". Game da rana kuwa, 20 ga Yuni kowa na zuwa, manya su yi jawabi, a raba riguna, da la'asar motoci su tafi. Da za ku zo bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da babu baƙon da ke leƙo mu, da ya fi mana.

Makaɗin Domayo, Marwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa abokan aikina amsoshinku, kuma mun tsaya a kan cewa za mu yi ajon a Marwa a watan Yuni, a kan sayen kayan kiɗa kawai, sannan mu nemi izinin shiga sansanin bayan kaka. Hajiya, mun samu wani dattijo mai shago a kasuwa da ya yarda ya riƙe akwatin. Yayana na Minawao, muna roƙon ka taimaka ka haɗa mu da kwamitinku domin a rubuta mana sunayen makaɗan da abin da kowannensu ke bukata, tunda fatar ganga dabam take da ta kalangu, kada mu sayo abin da ba zai yi amfani ba. Baba, idan ba za mu takura maka ba, mu biyu za mu shigo Mokolo ranar Laraba ta kasuwa mu gaishe ka, ka duba mana takardar kafin mu kai ta ofis.